Ƙarar da inji ke yi da sanyin safiya

Yawancin direbobin da ke jigilar kifi da shinkafa tsakanin Haɗejiya da Kano sun yi imani cewa mota mai sarƙar taimin ta fi mai bel kwanciyar hankali, domin bel yana tsinkewa, ƙarfe kuwa sai dai a gaji da shi. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Sarƙar da ke haɗa kiranshaf da kamshaf ba ita kaɗai take aiki ba. Tana gudu a kan wasu faifan roba masu tauri da makanikai ke kira gaid, sannan tenshina na tura ta don kada ta saki. A yawancin injinan zamani, ƙarfin baƙin mai ne ke tura tenshinar. Hatta kamfanin Porsche, bayan tenshinar motarsa 911 ta sha ba masu ita ciwon kai, sai da ya koma ga mai aiki da matsin baƙin mai a samfurin Carrera na 1984. Lafiyar sarƙa, ashe, a hannun mai take.

Nan ne ƙasar Haɗejiya ke da nata hukunci. Da rani, ƙurar hanyoyin Kirikasamma da Guri tana kutsawa ta tsohuwar filtar iska ta gauraya da mai, ta riƙa cin ƙusoshin sarƙar a hankali. Abin da ake kira miƙewar sarƙa ke nan, ƙarfen ba ya miƙewa, mahaɗansa ne ke sassautawa. Da damina kuma, musamman shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, motar da ta ratsa ruwa takan fito da mai mai launin madara, wanda ba ya iya cika tenshina yadda ya kamata.

Saboda haka binciken gaskiya da asuba ake fara shi, kafin inji ya ɗumi. Karkarwar daƙiƙa biyu ko uku da ke ɗaukewa tana nuna tenshina ta zubar da manta cikin dare. Idan ƙarar ta ci gaba bayan inji ya yi zafi, a zargi gaid da ya karye ko sarƙar da ta wuce iyakar abin da tenshina za ta iya ja. Daga nan a auna matsin mai da geji, a sa kwamfuta a duba ko lambar P0016 ta fito, wadda ke cewa kiranshaf da kamshaf sun saɓa, sannan a sauke kaskon mai. Gutsattsarin roba a cikinsa hujja ce da ba ta buƙatar gardama, kuma su ne ke toshe rariyar famfon mai.

Wani zai ce ba duk ƙarar safiya ce ta sarƙa ba. Haka ne. A Honda Accord ta 2008 zuwa 2012, na'urar VTC da ke kan kamshaf tana irin wannan kukan, shi ya sa kunne kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Wani kuma zai ce mai kauri, 20W-50, ya fi dacewa da zafin Afrilu, kuma yana kashe ƙarar. Yakan rage ta, amma injin Corolla da aka ƙera don 5W-30 yana da ƙananan hanyoyin mai, kuma mai kauri ya fi jinkirin isa tenshina a daidai lokacin da sarƙa ke sake.

Maganar kuɗi ta fi nauyi. A injin VR6 na wasu motocin Sharan, sarƙar tana bayan inji, sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta. Wanda ya biya wannan aikin ya canza tenshina kaɗai, ya bar tsohon gaid, zai sake biya. Idan kuwa sarƙar ta tsallake haƙora, fistin ya daki bawul, lissafin ya koma na neman wani injin 'yan Beljiyam a Kano.