“Ka Samu Waje?”: Kakar Neman Gurbi a Wata Jami'a

Idan zangon karatu na farko ya doshi ƙarshe, layin shagunan buga takardu da ke bayan ɗakin karatu na wata jami'a a Arewa yakan sauya kama. Shagunan da suka saba da hotokwafi da ɗaurin furojet sai su cika da 'yan aji uku da 'yan aji huɗu, kowa da fayil a hammata. Janareta na ruri, firinta ta yi zafi, gaisuwa ma ta canja: maimakon “ya karatu?” sai ka ji “ka samu waje?”

Wajen da ake nufi shi ne inda ɗalibi zai yi SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973, shekara biyu bayan kafa ita kanta hukumar. Kukan masu masana'antu ne ya haife shi, cewa waɗanda suka gama karatu sun san littafi amma hannunsu bai taɓa na'ura ba. Ɗalibin injiniya ko kimiyya ko kwamfuta yakan bar aji na wata shida, ɗan kwalejin fasaha kuma wata huɗu. Makaranta tana ba shi takardar gabatarwa da logbuk, wato littafin rubuta aikin da ya yi kullum, amma neman wurin yawanci a wuyansa yake, kuma sai ya dawo wa ofishin shirin da takardar amincewa. Wannan ne ke kawo shi layin, neman wanda zai haɗa masa CV da wasiƙar neman gurbi.

Mai shago ba ya wahala. Yana da tsohon CV a kwamfuta wanda ya yi wa ɗalibai da yawa hidima: a goge suna a sa suna, a sauya sashe, a buga. Shi ya sa a rana guda za ka ga an fita da takardu iri ɗaya cikin Turanci iri ɗaya. Kowa mai ƙwazo ne, kowa ya iya aiki da jama'a, kowa abin sha'awarsa karatu da tafiye-tafiye. Wani lokaci lambar wayar mai takardar farko tana nan ba a goge ba, ko wasiƙar da za ta tafi kamfanin gine-gine ta ɗauki sunan asibiti a sama.

Ka tambayi ɗalibi dalilin da ya sa ya yarda da haka, zai ce ai ba shi da abin rubutawa, tunda bai taɓa aiki ba. Amma ka zauna da shi ka ji. Wannan tun yana sakandare yake gyaran waya a Farm Centre a Kano. Wancan shi ke riƙe da littafin bashi da lissafin kaya a shagon yayansa a Kantin Kwari. Akwai mai haɗa wa unguwa sola, akwai wadda ke ɗinki tana tallarsa a WhatsApp, tana lissafin kuɗin yadi da riba da kanta, akwai mai koyarwa a Islamiyya. Babu ɗaya daga ciki da ke shiga takarda. Wasu suna ganin abin da ba na boko ba bai cancanci hawa CV ba. Wasu kuwa tarbiyya ce ta riƙe su: an raine su a kan yabon kai jahilci, sai ga takardar da ke neman mutum ya faɗi abin da ya iya da bakinsa.

Malaman da ke kula da shirin sun fi kowa sanin wannan, kuma shawararsu ba ta da tsawo. CV kada ya wuce shafi ɗaya. Suna, lambar wayar da ke shiga, da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya, ba laƙabin abokai ba. Sashe da aji, darussan da suka shafi aikin da ake nema, sannan abin da hannu ya taɓa: wace manhaja, wace na'ura, a ina, tun yaushe. Sunayen mutum biyu masu shaida, waɗanda aka nemi izininsu tukuna. Faɗin cewa ka shekara biyu kana gyaran inbata ba fariya ba ce, magana ce da za a iya gwadawa a gani. Wasiƙa kuma ta ambaci ofishin da ake nufi, ranar farawa da ta gamawa, sashen da ake so, da abin da ɗalibi ke fatan koya a wurin. Mai karantawa yana so ya san inda zai ajiye ka, da ko za ka rage masa aiki.

Sai dai gurbin ne ya yi ƙaranci. Yawancin masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano ba su kai yawan da ba, ɗalibai kuwa ƙaruwa suke yi. Sai aka koma ma'aikatun gwamnati, gidajen rediyo, asibitoci da ƙananan kamfanoni. Mai kawu a ofis kiran waya ɗaya ya ishe shi, CV ɗinsa cika ƙa'ida ne kawai. Wanda ba shi da kowa, takardar nan ce kawunsa. Ɗalibai mata suna da ƙarin lissafi, domin iyaye da yawa sun fi son wurin da za a je a dawo gida a kwana, ko garin da akwai ɗan'uwa.

Kai takarda ma darasi ne. Wadda aka bari a hannun maigadi ba kullum take isa tebur ba. Waɗanda suka gane sukan buga biyu, su shiga har ofishin karɓar wasiƙu, a buga musu hatimi a kwafinsu, su koma bayan mako su tambaya cikin ladabi.

Akwai kuma masu neman hatimi kawai: a sa musu hannu a logbuk, su zauna a gida suna addu'ar kada malami mai duba ɗalibai ya zo ba sanarwa. Sukan tsira da maki, su rubuta rahoto, su kare shi a gaban malamai. Amma ranar da aka gama bautar ƙasa aka shiga neman aiki na gaske, wanda ya yi wata shidan nan da gaske yana da sunan wurin da ya yi aiki, da aikin da ya iya, da ubangidan da zai ɗaga waya ya shaide shi.