Ƙauyen Da Gari Ya Tsiro A Bayan Gidansa

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman na wannan mako zai kai mu karkarar Ingila, wani ƙauye da ake kira Longstanton, kimanin mil 6 arewa maso yamma da birnin Kambirij. Ƙauye ne na manoma tun asali, shimfiɗe a gefen hanya ɗaya mai tsawo, yana da tsofaffin coci-coci biyu, ɗaya ma har yau rufin ciyawa gare shi. Biyun nan shaida ce ta cewa a da ƙauyuka biyu ne, sai a 1953 aka haɗe su.

Abin da ya kai mu can shi ne, gwamnati da kamfanonin gine-gine sun zaɓi filayen da ke gabas da ƙauyen don gina sabon gari sukutum, mai suna Northstowe, mai gidaje 10,000. Ana yawan cewa tun bayan garin Milton Keynes ba a tsara sabon gari mai girmansa a Ingila ba. To idan irin wannan ya sauka a bayan gidanka, wa zai yi magana da yawunka, kuma ta ina za ka ji abin da ake ƙullawa? Ku biyo mu.

[Kiɗa]

A karkarar Ingila mulki hawa-hawa ne. Majalisar lardi ce a sama, ita ke da hanyoyi da makarantu. Ƙarƙashinta akwai majalisar gunduma, mai ba da izinin gini da kwashe shara. Can ƙasa kuma sai majalisar ƙauye, wadda mutanen ƙasar ke kira majalisar farish. Akwai irinta kusan 10,000 a Ingila.

Dokar 1894 ce ta haife su, a zamanin gwamnatin firaminista Gladstone. Kafin nan, harkar ƙauye a ɗakin taron coci ake yanke ta, limamin coci da manyan masu filaye su ne wuƙa su ne nama. Dokar ta ƙwace al'amuran da ba na ibada ba daga hannunsu ta miƙa wa zaɓaɓɓu, har ta ba matan da suka cika sharaɗi damar zaɓe da tsayawa takara, shekaru 24 kafin mace ta samu ƙuri'ar zaɓen majalisar dokokin ƙasa.

Kada mai sauraro ya ji an ce majalisa ya hango motoci da jiniya. Kansilolin ƙauye galibinsu ba su da albashi. Ana zaɓensu duk bayan shekara 4, doka ta ce kada su gaza 5, kuma a wurare da dama 'yan takara ba sa ma cika kujerun, sai waɗanda ke ciki su nemo wani su roƙe shi ya shigo. Ma'aikacinsu sau da yawa mutum ɗaya ne, magatakarda, shi ke rubuta abin da aka tattauna, shi ke riƙe da lissafin kuɗi, wani lokaci ma na 'yan sa'o'i ne a mako. Aikinsu filin wasan yara, maƙabarta, zauren taro, rumfar jiran bas, yankan ciyawa, da 'yan fegin lambu da ake ba mazauna haya su shuka kayan miya. Kuɗinsu kuwa wani ɗan kaso ne da suke ɗorawa a kan harajin gidaje, gunduma ta karɓo ta miƙo musu. A matsakaicin gida bai kai fam 100 a shekara ba idan aka ɗauki ƙasar gaba ɗaya, ko da yake, abin mamaki, gwamnati ta ƙayyade wa manyan majalisu iyakar ƙarin da za su yi ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, amma ta bar ƙananan nan sakaka.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan kamfani ya nemi izinin gina gida ɗaya ko dubu a ƙauye, majalisar ƙauye tana da hakkin a sanar da ita, ta kuma faɗi ra'ayinta. Iyakarta ke nan. Gunduma ce ke cewa e ko a'a. Amma mutumin ƙauye bai san ofishin gunduma ba. Kansilan da yake haɗuwa da shi a kanti ya sani, don haka shi zai tare da maganar ramin hanya, da manyan motocin da ke tashinsa da asuba, da layin ganin likita.

[Kiɗa]

Mu koma Longstanton. Baƙi ba sabon abu ba ne a wurinsu. A 1940 aka buɗe sansanin jiragen yaƙi na Oakington a gefen ƙauyen, daga baya ya zama barikin soja, sannan daga 2000 zuwa 2010 ya zama wurin tsare masu neman mafaka. Sai dai duk waɗannan masu zuwa ne su tafi. Northstowe kam zama ya zo yi.

An kasa aikin kashi uku. Kashin farko, gidaje 1,500, a kan wani tsohon filin wasan golf. Na biyu, gidaje 3,500, a filin tsohon barikin, ƙarƙashin hukumar gidaje ta gwamnati, Homes England. Ragowar 5,000 na kashi na uku ne. Tun 2011 an riga an buɗe titin bas na musamman a kan tsohon layin dogo, mai kai mutum Kambirij ba tare da cunkoso ba. Mazaunan farko suka tare a 2017, a shekarar makarantar firamare ta fara aiki, ta sakandare ta biyo baya a 2019.

Har nan lafiya lau. Amma a 2023, shekara 6 da tarewa, lokacin da gidajen da ke da mutane suka haura 1,000, jaridun ƙasar suka cika da labarin garin da ba shi da kanti, ba gidan shayi, ba asibitin likitan unguwa. Mai neman madara ko biredi sai ya nufi Longstanton ko wani ƙauyen maƙwabta. Wani abin dariyar, idan abin dariya ne, a 2016 hukumar lafiya ta ƙasar ta sa Northstowe cikin wurare 10 da za a yi gwajin gina garuruwa masu kyautata lafiyar mazaunansu.

Me ya sa makaranta ta zo, kanti bai zo ba? Amsar tana cikin wata yarjejeniya da ake ƙullawa tsakanin kamfanin gini da gunduma, ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990. A cikinta ake rubuta abin da kamfani zai gina ko ya biya kuɗinsa: makaranta, zauren taro, filin wasa, hanya. Kowane abu kuma an ɗaure shi da adadi. Za a ce, misali, idan an shiga gida na kaza, sai a fara kaza. Idan kasuwar gidaje ta yi sanyi, gini ya ja ƙafa, adadin ba zai cika ba, alkawarin kuma yana nan a takarda bai karye ba, bai kuma cika ba. Makaranta dole ce a kan majalisar lardi, doka ta wajabta mata samar wa kowane yaro gurbi. Kanti kuwa ba mai iya tilasta wa ɗan kasuwa ya buɗe shi inda bai ga ciniki ba. Likita kuma lissafinsa yana hannun hukumar lafiya, wadda ke da nata jadawalin.

A ganina, nan ne darajar majalisar ƙauye take, ko da ba ta da ikon hana komai. Yarjejeniyar nan takarda ce mai kauri, da harshen lauyoyi aka rubuta ta. Ma'aikatan gunduma suna canjawa, filaye suna sauya hannu daga kamfani zuwa kamfani. Wanda ya rage yana ƙirga gidaje, yana tuna wa mutane cewa adadi ya cika, ina abin da aka ce za a yi, yawanci wani kansila ne mai ritaya da magatakardarsa.

Maganar ruwa ta nuna haka. Longstanton yana zaune ne a kan tsakuwa mai riƙe ruwa kusa da doron ƙasa, shi ke ciyar da tafkuna da rijiyoyin ƙauyen. Bayan an fara aikin kashin farko, inda aka riƙa zuƙe ruwan ƙasa don a samu damar haƙa magudanai, sai mazauna suka ga tafkunansu suna ƙafewa, har da wanda suke kira Kingfisher. Suka yi ta kai kuka, majalisar ƙauyen ta ɗauki maganar ta riƙe ta shekara da shekaru, har gunduma ta ɗauko masana ruwa na kamfanin HR Wallingford. Rahotonsu na 2021 ya nuna zuƙe ruwan da aka yi yana da hannu a faɗuwar ruwan ƙasa. Rahoto ba ya cika tafki, gaskiya ne. Amma da ba a samu masu naci ba, da an ce fari ne kawai a wuce wurin.

[Kiɗa]

Sai batun iyaka. Gidajen farko na Northstowe a cikin ƙasar Longstanton suke, saboda haka duk wanda ya tare ya zama mai zaɓe a majalisar ƙauyen, harajinsa kuma can yake shiga. Da farko riba ce. Amma kowa ya iya lissafi: ƙauye mai mutum dubu biyu da 'yan kai a ƙidayar 2011, ga gari mai shirin ɗaukar sama da dubu 20. Ba da jimawa ba baƙi za su rinjayi 'yan gida a akwatin zaɓe, su kuma baƙin suna ganin kuɗinsu na tafiya gyaran filin da ba nasu ba. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Gundumar Kudancin Kambirij ta ji ra'ayoyin jama'a, ta ja sabon layi a taswira, a 2021 Northstowe ya samu majalisarsa, Longstanton ya koma ƙauyensa. An taɓa yin haka a Cambourne, 'yan mil kaɗan daga nan, wanda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1990, ya samu tasa majalisar a 2004.

To ta yaya mutane ke jin duk wannan? A takarda dai ƙofa a buɗe take. Dokar 1960 ta ba 'yan jarida da jama'a damar shiga zaman majalisu, kuma wadda ta gabatar da ƙudurin wata sabuwar 'yar majalisa ce a lokacin, Margaret Thatcher, a jawabinta na farko a zauren. Wajibi ne a liƙa sanarwar zama kwana 3 cur kafin ranar. Sau ɗaya a shekara, tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, ana kiran taron dukkan masu zaɓe na ƙauye. Tun 2014 ma kowa na iya ɗaukar bidiyon zaman da wayarsa.

Matsalar ita ce kujerar ɗan jarida ta daɗe ba kowa a kanta. Daga 2005 zuwa yau an rufe jaridun yankuna sama da 200 a Birtaniya, saboda tallan gidaje da motoci da guraben aiki da ke ciyar da su ya koma intanet. BBC ta fito da wani shiri a 2017 na biyan albashin wakilai fiye da 100 da ke bin zaman majalisu, amma ƙarfinsu ya fi karkata ga na lardi da na gunduma. Zaman ƙauye na daren Litinin, wa zai je?

Duniya ta tuna da majalisun ƙauye sau ɗaya, a watan Fabrairun 2021, lokacin da bidiyon wani zama na majalisar Handforth da ke lardin Cheshire ya bazu, kansiloli na ta ɗaga wa juna murya ta kwamfuta, wata jami'a mai suna Jackie Weaver tana fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Miliyoyi suka kalla, aka sha dariya. Da wuya ka samu wanda ya tambayi abin da ke cikin ajandar ranar.

Abin da ya rage wa ƙauyuka shi ne allon sanarwa a bakin zaure, da 'yar mujallar da masu sa kai ke bugawa suna zurawa a ƙofar kowane gida, da kuma zaurukan Facebook. Zauren Facebook ya fi kowa sauri, kyanwa ta ɓace da safe, kafin azahar an gano ta. Amma ranar da za a rufe karɓar ra'ayi a kan gidaje 1,000, sau da yawa sai ta wuce kafin hayaniya ta tashi. Mujallar ƙauye ba ta da armashi, sai dai tana isa hannun tsohuwar da ba ta da waya, kuma tana buga kwanan wata. A sabon gari kamar Northstowe, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba, kowa daga wata uwa duniya ya zo, wannan takardar ce ke fara gaya wa mutum sunan kansilansa.

Sabuwar majalisar Northstowe ba ta da ikon kawo babban kanti, ba ta da ikon kawo likita. Da ta duba abin da ke hannunta, a 2023 sai ta kafa 'yar kasuwa ta ranar Lahadi, masu biredi da kayan lambu su kasa kayansu, mutane su saya su kuma ga juna. A shekarar ce kuma gunduma ta buɗe zauren taro na wucin gadi, kafin a gina na dindindin. Gidajen da aka gama har yanzu ba su kai rabin 10,000 ɗin ba, aikin zai ci shekaru masu yawa nan gaba.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]