"Sanyi" da "Jini" a Bayanin Ciwon Ƙandarewar Fata

1. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira sikilarodama, wanda ba shi da tsayayyen suna a Hausa. A wannan takarda za a kira shi ƙandarewar fata. Asalinsa kuwa garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita, sai fata ta yi kauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Ya fi kama mata. A 1945 wani likita mai suna Goetz, a Afirka ta Kudu, ya jaddada cewa ciwon yana ratsa kayan ciki. Haɗarinsa mafi girma yana ga huhu da zuciya da ƙoda.

2. Alamarsa ta fari sau da yawa ita ce yatsu su koɗe su yi sanyi ƙalau idan iska ta buge su, abin da Raynaud, Bafaranshe, ya bayyana a 1862. To, a ƙasar Funtuwa da Malumfashi tsinkar auduga tana faɗawa cikin hunturu. Matar da wannan ya same ta a gona cewa za ta yi sanyi ya kama ta. Sanyi kuwa a Hausa ya wuce yanayi, sunan cuta ne da ake cewa tana shiga jiki, kamar yadda Lewis Wall ya nuna a littafinsa na 1988 bayan bincike a ƙasar Malumfashi. Maganinsa a al'ada shi ne zafi da kanwa. Ɗumama hannu daidai ne, amma kanwa tana da gishirin da ke tara ruwa a jiki. Davidson da Parry, likitoci a Zariya, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego a 1978.

3. Kalmar jini ta fi wannan rikitarwa. Bahaushe yana lura da yawansa ko hawansa, watau ƙarancin jini da hawan jini. Shi kuwa likita abubuwan da ke cikinsa yake nema. Kitse da sukari suna nuna haɗarin toshewar manyan jijiyoyi. Kiriyatinin yana nuna ƙarfin ƙoda. NT-proBNP wani sinadari ne da zuciya ke saki idan aiki ya yi mata yawa. Shi da yurik asid, in sun ƙaru, suna sa likita ya yi zaton jini ya hau a jijiyoyin huhu, ya nemi hoton zuciya.

4. Nan ne kuskure ke shiga. Abin awon da ake ɗaurawa a damtse ba ya ganin hawan jinin huhu. Ana iya ce wa mara lafiya ba ta da hawan jini, ta koma gida da kwanciyar rai, alhali haki na ƙaruwa, zuciyarta tana wahala.

5. Saboda haka ya kamata malaman da ke koyar da kiwon lafiya da Hausa su raba kalmomin. A bar "awon jini" ga abin damtse, "gwajin jini" ga wanda ake ɗiba a kai ɗakin bincike, sa'an nan a riƙa cewa "hawan jinin huhu" a cike, kada a gajarta shi.