Sayar da Motar Gida a Birtaniya: Damshi Ne Ke Yanke Farashi

Da zarar sanyi ya fara janyewa a Birtaniya wajen watan Maris, sai tallan motocin gida na hannu ya cika shafuka irin su Auto Trader. Motar gida ita ce wadda aka ƙera wa ɗaki a bayanta, da gado da murhun gas da firij da ɗan banɗaki, galibi a kan gangar jikin Fiat Ducato. Masu ita da yawa sun fi son su sayar da kansu don kada dillali ya yanki rabonsa. Sai dai wanda ya kauce wa dillali, aikin dillalin a wuyansa yake faɗawa.

Akasari da soso da sabulu ake farawa. Ba laifi, amma mai saye da ya san kan abin ba ƙyalli ya zo gani ba. Yana shiga zai fara shaƙar iskar ɗakin. Daga nan ya buɗe kabad ɗin sama, ya danna bangon kusa da taga da babban yatsa. In katakon ya lotsa kamar burodi, ciniki ya mutu tun ba a fara ba. Ruwan sama ne ke bi ta inda ɗankon bakin taga ko na rufi ya bushe ya tsage, ya yi shekaru yana cin katako a ɓoye. Da na'ura ake auna wannan damshi: ƙasa da kashi 15 lafiya lau, ya haura 20 a nemi kafar da ruwa ke shiga, ya kai 30 kuwa gyara ne mai cin aljihu.

Gwajin MOT na shekara-shekara ba ya leƙa ɗakin; birki da fitilu da hayaƙi da makamantansu yake dubawa. Bututun gas, wayoyin lantarki da damshi suna da nasu binciken daban. A ganina, takardar wannan bincike ta fi kowace irin goga ɗaga farashi, ko da ta tona wani ɗan aibi.

Taya ma takan yaudari mutum. Motar gida ta fi zama fiye da tafiya, don haka zanen tayar yana nan raɗau alhali robar ta tsufa. Lambobi huɗu na gefenta ke faɗin gaskiya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Nauyi kuma a rubuta shi a talla. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasisinsa na ƙaramar mota a kilo 3,500 ya tsaya. Abin da ya haura haka sai da ajin C1. Gara mai saye ya sani kafin ya kwaso tafiyar awa huɗu a banza. Ɓoye tarihin MOT kuwa ɓata lokaci ne, tunda da lambar mota kowa zai gan shi kyauta a shafin gwamnati.

Ranar ciniki, hoton shaidar tura kuɗi a wayar mai saye ba kuɗi ba ne; 'yan damfara na can ma sun iya alat na bogi. Sai mai mota ya ga kuɗin a asusunsa, sannan ya cire koriyar takardar sabon mai mota daga kundin rajistar motar, wato V5C, ya miƙa tare da makullai, ya sanar da hukumar rajistar motoci, DVLA, ta intanet tun motar ba ta bar ƙofar gida ba.