Matsar da Filtar Mai: Aikin da Tiyo Ke Riƙe da Ran Inji

Motar haya ba ta mutuwa da wuri a Abidjan. Tun da dokar Disambar 2017 ta fara aiki a Yulin 2018, ta hana shigo da ƙaramar mota da ta haura shekara 5 da fara hawa titi, da ƙaramar bas da ta haura shekara 7, mai gbaka (ƙaramar bas ta haya) ko woro-woro (tasin haɗaka) ya san cewa wadda ke hannunsa ita zai lallaɓa. Idan inji ya gaji, sai a nemo wani a wajen masu sayar da kwancen mota a ɗora. A garejojin da ke bayan titin Nangui Abrogoua a Adjamé, da na Treichville, wannan aiki ne na yau da kullum. Sai dai injin da ba na motar ba yakan zo da rigimarsa. Wani lokaci filtar baƙin mai ta faɗo daidai kan shasi, ko ta manne da salansa, ta yadda hannun bakanike ba ya kai mata ranar juye.

A nan ne ake matsar da ita. Ana ɗaura wani faifan ƙarfe a gurbin da filtar take, a kafa mata sabon mazauni a jikin mota inda hannu zai kai, sannan a haɗa wuraren biyu da tiyo guda biyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. Dabarar ta filtar gwangwani ce wadda ake murɗawa. Injinan dizal na Mercedes da yawa filtarsu ta takarda ce da ake zurawa cikin gidanta, su wannan faifan ba ya hawansu. Kuma ni a ganina, motar da hannu ke isa ga filtarta a bar ta yadda kamfani ya yi ta, domin kowane mahaɗi da aka ƙara sabuwar ƙofar yoyo ce.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, duk man da famfo ya turo sai ya bi ta filta kafin ya isa ga metal da kan inji. Da zarar an matsar da ita, tiyon nan biyu sun zama jijiyar wuyan inji. Idan ɗaya ya fashe a kan babban titin Arewa, man zai tsiyaye cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma kafin direba ya lura da jar fitila mai yiwuwa inji ya riga ya buga.

Shi ya sa ba kowane baƙin tiyo ne zai yi ba, ko da mai shago ya ce, “Maigida, ɗauki wannan, duk ɗaya ne.” Ba ɗaya ba ne. Tiyon lagireto da robar EPDM ake yin sa, mai jure ruwan zafi amma ba ta shiri da mai: tana kumbura, ta yi laushi, ta fara saɓulewa daga ciki, ɓarɓashinta ya bi mai. Baƙin mai kuwa zafinsa yakan kai digiri 90 zuwa 120, balle a cunkoson Adjamé inda mota ke rarrafe ba iskar da ke ratsa ta. Matsinsa yakan tsaya tsakanin bar 2 da 5 idan inji ya ɗau zafi, ya haura haka da safe lokacin da man ke da kauri. Abin nema shi ne tiyon da aka yi domin mai, mai cikin robar naitiril da saƙar zare ko waya, irin mai lambar SAE 100R5 da manyan motoci ke amfani da shi, ko mai cikin tefulon wanda ke jure zafin da ya wuce digiri 200. Tiyon kirki yana ɗauke da rubutun lambarsa da matsin da yake ɗauka a jikinsa. Wanda ba rubutu, a bar wa mai shi.

Inda aka fi yin asara ba a sani ba shi ne faɗin rami. Mai yana da kauri, kuma wahalar da yake sha a cikin tiyo tana ƙaruwa da sauri idan ramin ya ragu. A lissafi, saukowa daga milimita 13 zuwa 10 kan ninka wahalar kusan sau uku. Injin ba zai mutu ranar ba. Zai dai riƙa samun mai a makare kowace safiya, metal na cinyewa a hankali, bayan wasu watanni a ɗora laifin kan wanda ya sayar da injin. Ƙananan injuna suna son ramin da bai gaza rabin inci ba, wato milimita 13, manya kuma milimita 16. Masu sayar da mahaɗan AN, tsarin da ya samo asali daga sojojin Amurka, suna kiran waɗannan lamba 8 da lamba 10. A leƙa cikin mahaɗin shi ma, domin sau da yawa tiyo yana da faɗi amma ramin mahaɗin ya tsuke. Gwiwar ƙarfe mai lanƙwasa a hankali ta fi wadda aka huda ta karye kwana ɗaya, kuma gajeren tiyo ya fi dogo.

Sai maganar haƙoran noti, wadda ke ba bakanike kunya. Filtar gwangwani ta Toyota Corolla haƙorinta na inci ne, 3/4-16, na Nissan da Honda da yawa kuma M20 ne mai tazarar 1.5. Bambancin faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba, don haka na M20 zai hau kan na inci, ya yi kamar ya kama, sai matsi ya zo ya tsinke shi. Haka BSP na Ingila da NPT na Amurka: a rabin inci yawan haƙoransu ɗaya, amma kusurwarsu 55 da 60. Bakin mahaɗin AN da na makamancinsa JIC yana zama ne a kan gangaren digiri 37, ba ya haɗuwa da mai 45. Irin wannan baki ƙarfe ne ke danne ƙarfe, farin tef ba ya ƙara masa komai, sai ma ya yage ya shiga hanyar mai. Kilif ɗin da ake ɗaurewa da sukundireba a kan bututu mai santsi kuwa ba abin dogaro ba ne. Gara a kai wa masu matse tiyon haidurolik na manyan motoci su datse bakin da inji, a wanke cikinsa tas kafin a ɗaura.

Kuskure mafi muni shi ne juya tiyon. Mai yana shiga filta ta ƙananan ramukan gefe, ya fito ta babban ramin tsakiya, kuma yawancin filtoci suna da wata robar da ke hana shi komawa baya. In aka juya, robar ta toshe hanya, inji ya tashi a bushe. Mafitar faifan da ke jikin inji ita ke zuwa mashigar sabon mazauni, mafitar mazaunin ta dawo mashigar faifan. A bi kowane tiyo da hannu daga farko zuwa ƙarshe, kada a yi da ka.

Sauran aikin na natsuwa ne. A nisanta tiyo daga salansa da bel, a ɗaure shi inda ba zai goga da ƙarfe ba, a bar masa ɗan sakin da zai bi girgizar inji. A kafa filtar bakinta na kallon sama, a cika ta da mai kafin a murɗa. Idan aka tayar, jar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, in ta ƙi a kashe nan take. Bayan inji ya ɗau zafi a bi mahaɗan da farin ƙyalle, sannan a sake duba sandar awo, domin tiyon biyu sun shanye wani kaso na man da aka zuba.