Tabkunan Adar a lokacin kaka: tafiyar ƙasa da sana'ar su tsakanin duwatsu

Idan damina ta ɗauke a jihar Tawa, wajen ƙarshen watan Satumba ko farkon Oktoba, ƙasar Adar takan shiga lokacinta mafi daɗi. An yanke hatsi, ana ɗaukar dammuna zuwa rumbuna. Ƙoramu sun daina ambaliya, hanyoyi sun bushe, zafin rana ya rage, sanyin hunturu kuwa bai kankama ba tukuna. A wannan lokaci ne tabkuna da madatsun ruwa na gundumomin Keita da Buza da Madawa suke cike maƙil, kuma a lokacin ne masunta suke saɓa kayansu, su hau tudu, su gangara kwari, suna bin ruwa daga wannan gari zuwa wancan.

Wannan sana'a ba ta daɗe da yaɗuwa ba a cikin duwatsun Adar. Yawancin ruwayen da ake su a cikinsu a yau, hannun ɗan Adam ne ya tsare su, kuma hannunsa ne ya zuba musu kifi. Saboda haka ɗorewarsu ta dogara ga irin kulawar da za su samu.

Ƙasar tudu da kwari

Masana suna kiran wannan yanki Adar-Dutsi-Majiya. Ƙasa ce ta faffaɗan tudu mai jan dutse da tsakuwa, wanda a wasu wurare tsayinsa ya zarce mita 700 daga gaɓar teku. Ruwan sama ya tsattsaga tudun, ya fitar da kwaruruka masu zurfi: kwarin Keita, kwarin Badagishiri, kwarin Majiya wanda ya ratsa ƙasar Buza ya nufi Birnin Ƙonni, da kwarin Tarka inda mutanen Madawa suke noman albasa. Hanyar mota da ta tashi daga Madawa ta bi ta Buza da Keita zuwa Tawa, hawa ce da gangara tun daga farko har ƙarshe.

Wanda ya lura da gefen tsaunuka zai ga farin dutse a ƙarƙashin jan. A cikin wannan farin dutse ana tsintar ɓawon dodon koɗi da haƙoran kifi waɗanda suka zama dutse. Dalili shi ne, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ce ta rufe wurin. Irin wannan dutse ne ake sarrafawa a masana'antar siminti ta Malbaza. Ashe kifi ya riga mutum zama a Adar, sai dai ya daɗe da barin ta kafin a komo da shi.

Yadda tabkunan suka samu

A da, ruwan sama yakan sauka bisa tudu, itatuwa da ciyawa su tare shi, ya gangara sannu a hankali. Da aka yi farin 1973, sannan na 1984 wanda mutane ke kira El Buhari, sai itatuwa suka mutu, tudu ya zama fako. Ruwa ya riƙa zubowa da ƙarfi, yana yanke gonaki, yana wucewa cikin awoyi kaɗan ba tare da ya jiƙa ƙasa ba.

Tun kafin haka an soma neman magani. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina madatsar Ibohaman a ƙasar Keita, domin noman ban ruwa. A shekarar 1975 aka fara dasa jerin itatuwan dogon yaro a kwarin Majiya, bisa shawarar ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da taimakon ƙungiyar CARE, don a tare iskar da ke kwashe ƙasar noma.

Babban aikin kuwa ya zo a 1984, lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita, wanda jama'a suka fi sani da Furoje Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta ba da masana, hukumar PAM ta ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Su ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, suka jera gandari. Cikin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an kuma gina gomomin madatsun ruwa, waɗanda mutanen karkara ke kira baraji. Daga baya aikin ya faɗaɗa har ƙasar Buza da ta Abalak. A bayan kowace madatsa tabki ya kwanta. Wani yakan ƙafe da rani, wani yakan riƙe ruwa har wata damina.

Tafiyar ƙasa da guzurinta

Da yawa daga cikin waɗannan tabkuna suna nesa da babbar hanya. Babur yakan kai mutum wani wuri, daga nan sai ƙafa. Masunci ko matafiyin da ya san ƙasar yakan tashi tun da asuba, ya hau tudu kafin rana ta take, ya huta a inuwa daga azahar zuwa la'asar. Bisa tudu babu rijiya, saboda haka gorar ruwa ita ce farkon kaya. Bayanta sai sanda, da malafa, da takalmi mai kaurin ƙasa, domin tsakuwar Adar tana cin takalmi, ƙarangiya kuma ta nuna a lokacin kaka. Ana naɗe tabarma da mayafi da gidan sauro a ɗaure a baya, don daren Nuwamba yana da sanyi a bakin ruwa, sauro kuma bai ƙare ba.

Guzuri shi ne abin da ba ya lalacewa: gumba, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, da kilishin Madawa ga mai hali. Wanda zai kwana a bakin tabki yakan fara isa wurin maigari, ya gai da shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce, domin baƙon da aka san da zuwansa ba a zarginsa, in kuma wani abu ya same shi an san inda za a neme shi.

Akwai abubuwan kiyayewa. Macizai sukan fake a ƙarƙashin duwatsu da cikin karan da aka tara. Ruwan tabki yana iya ɗauke da tsargiya, cutar da ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini, saboda haka yawan wanka a ciki ba shi da amfani. Kurkunu dai an rabu da shi: a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Duk da haka ruwan tabki ba na sha ba ne sai an tace an tafasa.

Wahalar hawa tana da sakamako. Daga kan tudu mutum yakan hango kwari gaba ɗaya, da garuruwa masu manyan rumbunan laka, da garken shanu da raƙuma suna komowa daga arewa, da ruwa yana ƙyalli a tsakanin duwatsu. Shamuwa ta riga ta tafi, amma agwagin ruwa masu gudun sanyin Turai sun fara sauka. Yawan irin waɗannan tsuntsaye na cikin abin da ya sa a 2005 aka sanya tabkin Tabalak, a maƙwabciyar gundumar Abalak, cikin jerin ruwayen da yarjejeniyar Ramsar ta ba muhimmanci a duniya.

Kifin da ke ciki

Tabkin da aka tsare a tsakanin duwatsu ba ya haɗe da wani kogi, don haka kifi mai yawa ba ya zuwa da kansa. Ma'aikatan ruwa da gandun daji ne suke kamo ƙananan kifaye daga tabkunan da ba su ƙafewa, su kawo su cikin ganguna, su zuba bayan ruwa ya kwanta.

Kowane kifi da halinsa. Gargaza tana cin gansakuka da ƙananan halittun ruwa, tana kuma haihuwa da yawa. Macen takan riƙe ƙwai a bakinta kwana 10 zuwa mako 2 har su ƙyanƙyashe, wanda ya kama ta a lokacin ya kashe ɗaruruwa ke nan. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska, shi ya sa take jure ruwan da ya yi kauri da taɓo. Gaiwa ta fi su duka dabara: idan tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har ruwan sama ya dawo. Giwan ruwa kuwa sai tabki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, kuma da yake sauran kifaye yake ci, ba kowane ruwa ya kamata a sa shi ba.

Kayan su sanannu ne: birgi da ake jefawa, kalli da ake shimfiɗawa a bari ya kwana, mamari mai ƙugiyoyi da yawa, gura, da fatsa wadda yara da manya suke sa wa tana ko fara. Abin da aka kama, wani a soya a sayar a kasuwa, wani a yi banda. A ƙasar da nama ya yi wa talaka tsada, wannan kifi abinci ne mai gina jikin yara, kuma sana'a ce ga matan da ke suya.

Masu fatsa na ƙasashen sanyi

A Turai da Amurka ma akwai masu hawan tsauni a lokacin kaka domin kamun kifi. A tsaunukan Alfa da na Roki, mutane sukan goya jaka mai ɗauke da tanti da abinci, su yi tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa zuwa tabkunan da ke sama da mita 2,000, kafin ƙanƙara ta rufe su. Ba su sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare suke naɗa mata har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta da doguwar sanda mai lanƙwasa, ta sauka a kan ruwa a hankali, kifi ya zaci ƙwaro ne ya hadiye. A nan Nijar, tsayi irin wannan sai a dutsen Bagazam na ƙasar Abzin, wanda ya kai mita 2,022.

Su don nishaɗi suke yi, mutumin Adar kuwa don abinci da kuɗin cefane. Amma akwai inda suka yi daidai. Da yawa daga cikin tabkunan waɗancan tsaunuka ba su da kifi tun asali, mutane ne suka kai musu, a Amurka har da jirgin sama ake zubawa. Abin da ya sa kifin bai ƙare ba shi ne doka: sai da takardar izini, akwai watannin da aka hana kamu, akwai adadin da mutum ba ya wucewa a rana, ƙaramin kifi kuma a mayar da shi ruwa.

Abin da ke barazana ga tabkunan

Babban abokin gaban tabkin Adar shi ne laka da yashi. Duk ruwan da ya gangaro daga tudun da ba shi da itace yana tafe da ƙasa, ita kuma sai ta kwanta a bayan madatsa. Kowace shekara zurfin yana raguwa. Madatsar Ibohaman ta daɗe tana fama da wannan ciwo. Ga kuma rana da iska, waɗanda a ƙasar Sahel suke shanye fiye da mita 2 na ruwan tabki a shekara. Lissafin a fili yake: tabkin da zurfinsa ya komo ƙasa da haka ba zai kai wata damina ba, kifinsa kuma zai mutu tare da shi, sai gaiwa kaɗai.

Na biyu shi ne kamun ganganci. Wanda ya ja gidan sauro a cikin ruwa yakan kwashe ƙananan kifayen da ba su kai tsawon yatsa ba, ya cinye na baɗi tun bana. Tun a 1998 dokar su ta Nijar ta hana wannan, ta hana zuba guba da amfani da nakiya, ta kuma wajabta wa mai sana'ar su ya mallaki takardar izini.

Na uku shi ne yawan masu bukata. Ruwa ɗaya ne makiyayi yake shayar da dabbobinsa, mai lambu yake ja da inji, mai tubali yake kwaɓa ƙasa, masunci yake shimfiɗa kalli. Idan lambuna suka kewaye tabki suka toshe burtali, shanu za su bi ta cikin shuka, daga nan sai rigima. Maganin ƙwari da ake fesa wa kayan lambu a bakin ruwa shi ma yana komawa cikin tabki, ya kashe kifi.

Aikin da ke gaban jama'a da hukuma

Gyaran tabki daga kan tudu yake farawa. Gandarin da ya rushe a sake jera shi, ramukan tare ruwa a yashe su, itacen da aka dasa a bar shi ya girma. Kwandon ƙasa da aka tsare a jikin tsauni ya fi sauƙi bisa ga haƙo shi daga gindin madatsa.

A bakin ruwa kuma, kowane tabki yana bukatar kwamiti wanda ya haɗa maigari, da sarkin ruwa, da wakilan makiyaya, da masu lambu, da mata masu suya. Su ne za su tsai da ranar rufe su bayan an zuba kifi, da ranar buɗewa, da faɗin idon taru, da hanyar da dabbobi za su bi. Wani kaso na kuɗin da aka samu a ajiye shi domin sayen irin kifi na shekara mai zuwa da gyaran madatsa. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban amfani, domin su ne za su riƙe littafi, su rubuta nauyin kifin da aka kama, da kuɗin da ya shiga, da wanda ya fita. Da wannan littafi ne ma'aikacin gandun daji zai gane ko tabki yana ƙaruwa ko yana raguwa, ya san irin kifin da ya dace da shi.

Matan Keita da na Buza sun ɗauki duwatsu a ka shekara da shekaru kafin ruwa ya tsaya a waɗannan kwaruruka. Hakkin da ke kan na baya shi ne su tsare tudu, su bar ƙaramin kifi ya girma, su raba ruwa da adalci, domin masuncin da ya hau dutse a kakar baɗi ya tarar da tabki a inda ya bar shi.