Wutar Rana da Haƙƙin Mai Gona: Sauri Kan Haifi Nawa

Mai walda a Dutsin-Ma da mai injin niƙa a Kurfi ba sa buƙatar wanda zai yi musu wa'azi kan amfanin wutar lantarki. Sun san abin da man janareto yake ci a cikin ribarsu, kuma ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Saboda haka duk wanda ya zo da maganar gonar sola ko injinan iska, ya ce a kawar masa da dogon turanci na ofis don aiki ya yi sauri, zai samu masu tafa masa. Ni ma ina son wutar, ina kuma son ta zo da wuri. Abin da nake tsoro shi ne matakin da aka saba fara tsallakewa da sunan sauri.

A Turai an riga an kai wannan magana gaban alƙali. A Disamba na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya sa iskar gas ta yi tsada, Tarayyar Turai ta yi dokar gaggawa wadda ta ɗauki ayyukan wutar rana da iska a matsayin maslahar jama'a da ke rinjayar sauran buƙatu, ta rage wa'adin ba da izini, ta kuma bar ƙasashe su yafe wa wasu ayyuka binciken illa ga muhalli. A 2023 ƙungiyoyin kare muhalli biyu, Bankwatch da Ökobüro, suka shigar da ƙara a kotun Tarayyar. Waɗannan mutane ne da suka shafe shekaru suna kiran a bar gawayin kwal, amma suka ce tsabtar wuta ba ta zama lasisin taka koguna da dazuka ba tare da an saurari kowa ba.

Shari'o'in da suka fi kama da namu na makiyaya ne. A Oktoba na 2021 Kotun Ƙolin Norway ta soke lasisin injinan iska 151 a yankin Fosen, domin sun tauye haƙƙin kiwo na al'ummar Sami, alhali injinan sun riga sun tsaya suna juyi. A 2021 ɗin dai wata kotu a Meru ta ƙasar Kenya ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin makiyaya da aka kafa tashar iska ta Tafkin Turkana, mai megawat 310. An guje wa zaman 'yan watanni da jama'a, an faɗa rigimar shekaru.

To, mu duba gida. A Yuli na 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da NBET, mai sayen wuta a sari a madadin gwamnati, kan samar da megawat 1,125 na wutar rana, ciki har da megawat 75 na Pan Africa Solar a Kankiya, maƙwabciyar Dutsin-Ma. Aikin ya tsaya ne a kan taƙaddamar farashi, sai kuma garantin da masu ba da bashi suka nema daga gwamnatin tarayya. Tashar iska ta Lambar Rimi, mai injina 37 da megawat 10, tunaninta ya faro tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Kuɗi sun yi ta yankewa, sannan a Disamba na 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin. Madatsar Zobe kuwa an gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shanta. A cikin duk wannan jinkiri babu inda aka ce manomi ne ya riƙe aiki don ya nemi a ji ta bakinsa. Idan ana neman inda za a yi sauri, ga wuraren nan: kuɗi, tsaro, da cika alkawari.

Dokar binciken illa ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton babban aiki na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi ƙorafi. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri rahoto ne mai kauri da Turanci, ana ajiye shi a sakatariya, a sanar a jaridar da ba ta isa ƙauye. Yaushe mai gero a gefen Kurfi zai karanta shi? Wannan mataki gyara yake buƙata: a taƙaita rahoton da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo da ƙofar dagaci, a kira mata masu tsintar ɗorawa da kuka, a kira arɗo.

Dalilin nacewata shi ne ƙasa. Kowane megawat na sola yana cin kusan hekta 2, kuma ana kewaye filin da waya shekara ashirin ko fiye. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna na iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya gaji gona kaka da kakanni sai a biya shi kuɗin shukar shekara guda da 'yan itatuwa. Mai aron gona da makiyayin da burtalinsa ya ratsa wurin sau da yawa ko sunansu ba ya shiga lissafi. A yankin da ke jin raɗaɗin hare-haren 'yan bindigar dajin Rugu, toshe burtali ko mashaya ba ƙaramin ganganci ba ne. Dattawa kuma ba su manta da madatsar Bakolori ba, inda rigimar diyya ta ƙare da jinin manoma a 1980.

Tun 2023 gyaran tsarin mulki da sabuwar Dokar Lantarki sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma kowace jiha za ta so ta nuna wa masu zuba jari cewa izini a wurinta ba ya ɗaukar lokaci. Nan ne ƙungiyoyinmu da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suke da aiki, tun ana rubuta ƙa'idojin, kafin a kafa turaku. Ƙofar kotu ma a buɗe take. A 2018, a shari'ar da ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta yi da NNPC, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta na da hurumin kai ƙara kan ɓarnar muhalli ko da ba ita abin ya shafa kai tsaye ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin gonar kowa: rufin asibitoci, makarantu da kasuwanni, da fako da ƙasar da zaizaya ta riga ta kashe. Kamata ya yi jihar Katsina ta zana taswirar irin waɗannan wurare tare da masu unguwanni da arɗaɗe, ta ba su izinin gaggawa, ta bar gonaki, fadamun Karaduwa da burtali a ƙarƙashin cikakken bincike.